Tushen da Kawu Ya Ɗinke a Aljihu

Ranar da muka kai Kawu makwancinsa, na tsaya a bakin rumfar da aka kafa a ƙofar gidansa a unguwar Treichville ta birnin Abidjan ina karɓar gaisuwa, ina kuma kasa kunne in ji ko wani zai ce mutumin kirki ne. Har aka naɗe tabarmi ban ji ba. Dattawan da suka biyo mu daga babban masallaci cewa suka yi ta yi, "Allah ya jiƙansa, mutum ne mai gaskiya." 'Yan kasuwar Adjamé suka ce aikinsa ba ya lalacewa. Matan da ke turara aceke, abincin garin rogon nan da ake ci da soyayyen kifi, sun shekara da shekaru suna sayen injin gurza a wurinsa, su kam sun zo a jere suna cewa "yako, yako", wato sannu da rashi a bakin mutanen ƙasar nan, suka yi kuka na gaske. Waɗanda suka koyi aiki a hannunsa kuwa can gefe suka zauna, suka shafa fatiha, suka nemi takalmansu. Ɗaya daga cikinsu, wanda yanzu yake da nasa shagon a Adjamé Liberté, ya riƙe hannuna ya ce, "To, shi ma yau an girgiza shi." Na so in ji haushi amma ban iya ba, domin na san abin da yake nufi.

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, Kawu ya ɗauke ni, ya ciyar da ni, ya koya mini yankan ƙarfe da walda, bai taɓa goranta mini ba, bai kuma taɓa yi mini dariya ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tsoro. Ina tsoron nan da ɗan lokaci a riƙa cewa "wani tsoho mai injin rogo", shi ke nan an gama da shi. Kawu ya fi haka nesa, a alherinsa da kuma a muguntarsa.

Da takarda da fensir ya fara zanen inji, tun yana saurayi sabon zuwa daga Nijar. Kwamfuta ta same shi ne da furfura, kuma babbar 'yarsa ce ta kawo ta. Taubashiyata ce, tun muna yara take kirana bawanta, ni kuma ina ce mata uwar son girma. Ta yi makarantar koyon sana'a, ta dawo ta zaunar da ubanta ta koya masa yadda ake riƙe linzamin kwamfuta. Ya koya kuwa, ya ƙware har ya ba mutane mamaki. Amma idan baƙo ya tambaye shi wa ya koya masa, sai ya ce, "Ni da Allahna." Tana zaune a gefensa zai faɗi haka.

Irin zanen da suke yi, kwamfuta ba siffar abu kaɗai take riƙewa ba, tana tuna yadda aka bi aka gina shi. Ka fara zana shimfiɗa, wadda Kawu ke kira tushe. Ka ɗaga ta ta yi kauri, ka huda ramukan kusoshi, ka fitar da wurin zaman motar da ke juya injin, can a ƙarshe ka goge gefuna su yi santsi. Duk matakin da ka yi yana fitowa a jere a gefen allo, kowane yana jingine da wani da ya riga shi. Masu aikin suna ce wa wanda aka jingina da shi uwa, wanda ya jingina kuma ɗa. Idan ka ƙulla su da kyau, ka koma sama ka ƙara faɗin tushe, duk na ƙasa sai su bi, ramuka su matsa, bango ya miƙe. Idan kuwa ka ƙulla su da ganganci, jerin nan sai ya rine ya yi ja, kowane ɗa yana neman uwarsa bai gan ta ba.

Kawu yana da maganganunsa a kan wannan, kuma mun haddace su dole. "Kwalliya a ƙarshe." "Kada ka ɗaure rami a gefen da za ka goge, gobe gefen babu shi." "Abin da zai daɗe shi ka sa a sama." Gaskiya ne duka, ban taɓa ganin ɗaya ta ci amanar wanda ya bi ta ba. Yadda yake koyar da su ne abin da ya sa mutane suka zauna can gefe a ranar makokinsa.

Girgiza yake ce wa abin. Idan mai koyo ya gama zane, Kawu ba ya duba kyansa. Sai ya tafa hannu a kashe injuna, a kira mu masu walda, a kira mai shayin bakin titi, har wanda ya zo sayen kusa sai ya tsaya. Sannan ya zauna a kujerarsa ta katako, ya gyara hula, ya ce, "Bari mu girgiza shi mu gani." Ya hau can saman jeri ya canja awo ɗaya tak. Mutumin nan da ya riƙe hannuna a wurin makoki, na ga ranar da aka yi masa. Ya ɗaure ramukan kusoshi a gefen da ya riga ya goge, Kawu ya ƙara faɗi kaɗan, allo ya yi jawur tun daga tsakiya har ƙasa.

"Tashi tsaye," in ji Kawu. "Karanta mini sunayen gawarwakinka. Da ƙarhi, mai shayi bai ji ba."

Magidanci ne a lokacin, da mata da ɗa. Ya tsaya yana karanta jajayen layukan ɗaya bayan ɗaya, Kawu yana amsa kowane da "Allah ya jiƙansa". Mutane suka yi dariya, domin wanda bai yi ba shi ne na gaba. Bai ƙara wata biyu a shagon ba.

Amma kada in ci haƙƙin mamaci. Wata shekara wata mata daga Adjamé ta zo da hannunta a naɗe, injin wani shago ya cinye mata yatsu biyu tana tura rogo. Ba injinsa ba ne, ba ruwansa. Kawu ya kwance ƙyallen ya duba hannun da kyau. Sati bai zagayo ba ya zana murfin da ke hana hannu kai wa haƙora, ya buga shi a takarda, ya sa ni na bi shagunan abokan hamayyarsa ina raba musu kyauta. Matar ta dawo tana godiya har da durƙuso. Ya ce mata, "Ba don ke na yi ba, jini na ɓata rogo." Ta tafi tana hawaye, ban san na wanne ba ne. Matan da suka yi masa kuka a ƙofar gida, da yatsunsu cikakku suka share ido.

Taubashiyata ita ce ta fi kowa shan girgiza, ita ce kuma ba a taɓa kayarwa ba. Wannan ne ya tsaya masa a rai. Akwai ranar da ta gama zanen babban injin da ya zama abin da aka san shagon da shi. Aka tara mu yadda aka saba. Kawu ya ƙara faɗi, komai ya bi. Ya rage tsawo, komai ya bi. Ya ninka kaurin bango, ko ɗigon ja babu. Na ga gumi a ƙasan hularsa. Ya kama ramin kusa da linzami yana so ya ja shi sama da uwarsa, kwamfuta ta ƙi, domin ba ta yarda ɗa ya riga uwa. Mai shayi ya yi subul da baka ya ce, "Kai, Hajiya ta iya!"

Kawu bai kalle shi ba. Ya hau can sama, ya zaɓi tushen kansa, ya goge. Kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Aikin wata guda ya zube, allo ya zama fili.

"Kin gani?" in ji shi.

Ta ce, "Baba, ai kowane zane in an cire tushensa mutuwa zai yi."

"To shi nike so ki sani, ɗiyata."

Ya adana shi a haka, yadda ba za a iya dawo da shi ba, ya tashi ya tafi sallar la'asar. Ba ta yi kuka ba. Ta jawo kujera ta fara daga farko. Da na matso zan ba ta haƙuri ta ce, "Bawana, koma bakin waldarka." A ranar na ji na tsani Kawu, kuma da yamma na ci tuwo a kwano ɗaya da shi.

Bayan haka ne tsoron sata ya kama shi. Ya ga injuna masu kama da nasa a kasuwa, ya ce ana kwashe masa zane. Sai ya ƙirƙiro abin da ya saɓa wa duk hankalin da ya koya mana. Ya sa aka zana tushe guda ɗaya, babba, mai ɗauke da manyan awon dukan injunan shagon, aka ajiye shi a kile, ɗan ma'ajin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta. Sannan kowane zane, na injin gurza, na matsar rogo, na murfi, aka kwance shi daga nasa tushen aka ɗaure a wannan. 'Yar tasa ya sa ta yi ɗaurin da hannunta. In ba a soka kile ba, zane zai buɗe ya yi ta juyawa a allo kamar lafiya ƙalau, amma kana taɓa awo ɗaya zai nemi tushe, ya rasa, ya mutu.

Ta ce masa, "Baba, a yi kwafi ɗaya a ajiye a wurin Inna. Abin nan ƙarami ne, yana iya ɓata."

Ya ce, "In ya ɓata ina raye, in nemo shi. In na tahi, mi ya dame ni?"

Bai tsaya nan ba. Ya sa aka ɗauko Alƙur'ani ta dafa a gabanmu, ta rantse ba za ta taɓa kwafar abin da ke ciki ba. Ya kai farar rigarsa ta zuwa aiki wurin tela aka ɗinka masa ɗan aljihu ta ciki, daidai ƙirji, da maɓalli. Da safe shi zai soka kile da hannunsa, in zai fita ko alwala ce ya zare. Ta riƙe rantsuwarta har ya mutu, duk da cewa a shekarun ƙarshe idonsa ya yi rauni, ita ke yin zanen duka, shi yana zaune yana cewa "ba haka ba".

Ciwon bai daɗe ba. Ya faɗi a gida da safe yana shirin fita, aka cire masa rigar a asibiti, Inna, matarsa, ta dawo da ita gida cikin jaka ta rataye a bayan ƙofa. Bai ƙara magana ba.

Ranar sadakar uku, bayan baƙi sun ragu, 'yan'uwan Kawu suka zauna da ƙanen taubashiyata, ɗansa namiji tilo. Shi haifaffen Abidjan ne na sosai, Faransancinsa ya fi Hausarsa, wayoyi yake shigowa da su yana sayarwa a Adjamé, kuma rabonsa da shiga shagon tun ranar da uban ya kira shi mai hannun kunu a gaban abokansa. Ya ce ya buɗe kwamfuta ya ga zanukan suna nan ras, ya kuma sami mai saye: mutumin Adjamé Liberté zai ɗauki zane da injuna gaba ɗaya, a raba abin da aka samu yadda addini ya ce, a rufe shagon.

Taubashiyata ta yi magana daga bakin ƙofa, kanta a sunkuye. Ta ce a bar mata zanukan da kwamfuta a matsayin rabonta, su ɗauki sauran, ita za ta ci gaba da aiki. Ba ta san wata sana'a ba, ba ta kuma son wata.

Ƙanen ya ce, "Yaya, ça suffit, ya isa haka. Zanen Papa ne, ba naki ba. Ke taimaka masa kika yi."

Wani daga cikin dattawan ya ce gaskiya ne, shi ma da kunnensa ya ji marigayi yana cewa shi da Allahnsa ya koya. Ta ɗaga kai ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "To." Na buɗe baki, babban wan Kawu ya tuna mini cewa ɗan mace ba ya cikin gado. Ban tada zancen kile ba, domin na ɗauka tuni ta cire shi ta adana.

Ranar bakwai Inna ta ce a fitar da tufafinsa sadaka, kada su kwana a ɗaki suna tada mata hankali. Al'adar gidanmu ce a kai irin waɗannan kaya tashar motar Adjamé, a ba matafiyan da guzuri ya ƙare musu, domin addu'ar matafiyi ta bi mamaci har arewa inda ya fito. Taubashiyata ce ta ninke kayan, ni na riƙe buhu. Da ta zo kan farar rigar, ta shimfiɗa ta a cinyarta, ta ɗora tafin hannu a ƙirjin rigar ta daɗe. Na ɗauka kewa ce, har na kau da kai don in ba ta wuri. Ta ninke ta da kyau ta sa a sama.

A tasha, cikin hayaniyar 'yan kamasho da masu dako, ita da kanta ta zaɓi wanda za a ba. Wani dogon dattijo ne da ke tsaye a bakin motar da ta riga ta tada inji. Ban san ƙasarsa ba, ko Hausa ba ya ji. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi addu'a da harshensa, ya hau. Muna tsaye motar ta fita.

Mai saye ya zo shagon bayan kwana biyu. Ƙanen ya buɗe masa babban injin, yana juya shi a allo yana cewa, "Voilà, duba kyau." Mutumin ya dubi kujerar katako, ya yi ɗan jinkiri, sannan ya zauna a kanta. Na ga abin ya yi masa daɗi.

Ya ce, "Kafin mu yi magana, bari mu girgiza shi mu gani."

Ya ƙara faɗi kaɗan. Kwamfuta ta ɗan tsaya, ta nemi tushe. Daga layin farko har na ƙarshe jeri ya rine. Ya buɗe na matsar rogo, haka. Ya buɗe murfin nan da ya ceci yatsun mata, shi ma haka. Ya jingina ya kwashe da dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Tsohon nan! Shi da ya sa ni karanta gawarwaki!" Ya ce hoton inji ba ya saye, in an samo tushe a neme shi. Ya fita yana share ido.

Ƙanen ya juyo a gigice. "Yaya, ina abin da yake nema?"

"Yana aljihun Baba."

"Wane aljihu?"

"Na farar riga. Ai kana nan aka ce a yi sadaka, ka ce d'accord, ka yarda."

Sai a lokacin na tuna hannun nan a kan ƙirjin rigar. Ƙanen ya yi ta faɗa da Faransanci, ya ce a je tasha, a buga waya, a nemi direba. Wace mota? Wane dattijo? Da ya gaji ya sauke murya, ya dawo Hausa, ya ce, "Don Allah Yaya, ke kin san ciki. Ki gyara."

Ta zagayo a hankali ta zauna a kujerar ubanta. Ta tafa hannu, masu walda suka kashe wuta, ban san lokacin da ni ma na ajiye abin hannuna ba. Ta aika a kira mai shayi. Sannan ta juya allon ya fuskanci ƙanenta.

"Ka ce zanen Papa ne. To tashi tsaye ka karanta mini su."

"Yaya..."

"Da ƙarfi. Mai shayi bai ji ba."

Ya karanta. Magidanci mai 'ya'ya uku, kwana tara da rasa uba, ya tsaya yana karanta layin da ke cewa ba a ga abin jingina ba, ya sake, ya sake, har muryarsa ta karye. Ba wanda ya yi dariya. Ita kuwa ko ƙiftawa ba ta yi ba, tana amsa kowane layi da "Allah ya jiƙansa".

Ba a sayar da shagon ba, domin ba abin sayarwa sai tsofaffin injuna da suka fi ƙarfin gyara. Dattawa suka ce ta riƙe abinta. Ƙanen bai ƙara taka gidan ba, ko ranar arba'in a masallaci ya tsaya. Inna tana kuka kashi biyu yanzu. Taubashiyata ta sake zana komai daga fili, ɗaya bayan ɗaya, kuma wallahi sun fi na dā kyau. Matan aceke sun dawo.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa abin da ya yi mana da wanda ya sa muka iya yi wa juna, ya sa murfin nan ya tsaya masa a ranar awo. Na fara wannan rubutu ina tsoron a manta da shi. Shekaranjiya na shiga ɗakin zane neman awon wani ƙarfe, na tarar taubashiyata za ta fita alwala. Ta zare sabon kile daga jikin kwamfuta, ta ƙulle shi a bakin zanenta, ta ja ƙullin da haƙori.

Na ce, "Uwar son girma, a yi kwafi ɗaya mana a ajiye a wurin Inna."

Ta dube ni har sai da na sunkuyar da kai. Ta ce, "Bawana, koma bakin waldarka."